Baffa da Ƙanin da Bai Iso Ba

Mun dawo daga maƙabarta ruwa na dukanmu, kowa da jar laka har idon sawu. An shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin rumfar kwanon da ke gaban shagon Baffa a unguwar Nzeng-Ayong, cikin birnin Libreville na Gabon, mutane suka zauna a takure saboda rumfar na yoyo ta tsakiya. Shekara da shekaru Baffa yana cewa zai sa a gyara ta in damina ta wuce, a garin da damina ba ta cika wucewa ba. Wanda ya ba mu aron Baffa ya karɓi abinsa, mu ma can muka nufa, rumfa kuwa tana nan tana yoyonta.

Ban taɓa sanin yawan mutanen da suka kwana a ɗakin bayan shagon nan ba sai ranar. 'Yan Kano, 'yan Garwa, mutanen Maraɗi masu gasa nama a bakin kasuwa, duk wanda ya durƙusa ya ce min "ya haƙuri" sai ya ɗaga kai ya nuna ƙofar ɗakin da haɓa. Wani dattijo Bamaraɗe ya riƙe hannuna ya ƙi saki. "Ni hwa nan na sabka," in ji shi. "Ban da kowa, ban da Faransanci ko kalma guda. Shi ya ba ni tuwo, ya ba ni tabarma, ya ce in yi kwana." Matan unguwa 'yan ƙasa sun tsaya daga nesa riƙe da laima, ɗaya ta ajiye ƙullin rogo a bakin ƙofar Hajiya, matar Baffa, ta juya tana share ido da gefen zaninta.

Can sai ga tsohon maƙwabcin Baffa, ɗan ƙabilar Ibo da ya yi zamanin sayar da kayan mota a unguwar Cocotiers. Jikansa ne ya sauko da shi daga taksi. Gwiwa ba ta barinsa ya zauna a tabarma, aka kawo masa benci. Ya daɗe yana kallon kujerar Baffa, sannan ya ce, "Today we sabi where Baba dey." Wato yau dai mun san inda Baba yake. Tsofaffin wurin suka yi 'yar dariya, don sun san inda maganar ta dosa, sai kuma dariyar ta mutu a bakinsu.

Bayan la'asar Umma ta kira ni daga Gaya. Ta yi min gaisuwa a gajarce, ta yi wa Baffa addu'a, sannan ta faɗi abin da ya sa ta kira. "Ranar uku, in an zauna addu'a, ka sa liman ya haɗa da ubanka. Ni na yi masa tawa tun tuni, a ɓoye da a fili. Addu'ar ɗansa ce bai samu ba. Wanda yake hana ka ya tafi." Na ce to, Umma. Amma "to" ɗin nan ta baki ce kawai. Na haura arba'in a duniya, kuma ban taɓa buɗe baki na ce wa mahaifina Allah ya jiƙansa ba. Ban san ko zan iya ba.

Sai na bayyana yadda aka yi, don wanda bai san gidanmu ba zai ɗauka rashin tarbiyya ne.

Baffa yayan mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya fara zuwa Gabon, ya yi tallan agogo da turare a ƙafa har ya kama shago. Da abin ya ɗan zauna sai ya aika gida a turo masa ƙaninsa, wanda bai taɓa kira da sunansa ba sai Auta. Lokacin ana goyona. Mahaifina ya bi hanyar da kowa ke bi a zamanin, mota zuwa Oron, daga nan jirgin katako ta teku. Jirgin bai iso ba. Baffa ba ya jin Turanci, maƙwabcinsa Ibo kuwa yana da rediyo, don haka a shagon kayan mota ya ji labarin. Aka ce an ceto wasu, an tsamo gawar wasu, sauran kuma mai karanta labarai ya kira su da wata kalma, unlocated. Baffa ya tambaya, "Wato sun mutu?" Maƙwabcin ya ce a'a, ba mutuwa kalmar ke nufi ba, tana nufin ba a gano wurin da suke ba. Baffa ya ce, "Ashe suna da wuri. Gano shi ne ba a yi ba." Maƙwabcin ya ce haka ne. Ya gaya min daga baya, ba sau ɗaya ba, cewa da ya san abin da zai biyo baya da ya ce masa sun mutu, ya huta.

Ita ce kalmar Turanci ɗaya tilo da Baffa ya mallaka har ya koma ga Allah, kuma a bakinsa ta zama "anloketa". Ya more ta kuwa. In takalminsa ya shige ƙarƙashin kanta, ba ya cewa ya ɓata, sai ya ce, "Hajiya, takalmina anloketa ne." In mai kawo masa sabulu ya kwana biyu bai leƙo ba, anloketa ne. Kyanwar shago in ta tafi yawonta, ita ma haka. Wata rana na ce masa, "Baffa, ai duk ɗaya ne da ɓata." Ya dube ni ta saman tabarau. "Kai da ka yi boko ba ka san bambanci ba? Abin da ya ɓata ka cire rai. Wannan kuwa yana nan zaune a wurinsa, kai ne ba ka kai ba." Ya ce ma duk mutanen Libreville anloketa ne, tunda ba mai lambar gida. In za a kwatanta maka gidan mutum sai a ce ka sauka a mahaɗar da ke bayan kantin magani, ka gangara wajen bishiyar mangwaro, ka tambayi matar da ke soya ayaba. Ranar da matar ba ta fito ba, shi ke nan mutum ba shi da gida. Kalmar ta bi bakin 'yan kasuwa har yaran da aka haifa a nan suna faɗarta, da yawansu sun ɗauka Hausa ce. Kaɗan ne suka san daga inda ta fito.

Ɗakin bayan shago don Auta aka gina shi. Da bai iso ba, Baffa bai mai da shi sito ba, bai kuma ba da haya ba. Duk baƙon da ya sauka a garin ba shi da kowa, can ake kai shi, ya zauna har ya sami takardar zama ko ya sami wanda zai jingina da shi. Sharaɗi ɗaya ne, kuma Baffa kan faɗe shi tun a bakin ƙofa: "Ɗakin nan da mai shi. In ya iso, za ka koma rumfa." Baƙi kan amsa da "to, Alhaji," suna zaton gobe ko jibi mai ɗaki zai dawo. Hajiya ta dafa wa mutanen da ba ta san adadinsu ba, tana mita tana zubawa. Baffa kuma ba ya yi wa baƙo tambaya sai ya ga ya ƙoshi ya wanke hannu. Daga nan sai ya matso da kujera, ya rage murya. "A hanya, ko a Oron, ko a Kalaba, ko wajen masunta a Kamaru, ba ka ji labarin wani mutumin Gaya ba? Dogo ne, baƙi, yana da tabo a girar hagu, in yana dariya yana dafa ƙeya."

Wasu kan ce a'a. Wasu, don kunyar tuwon da suka ci, kan ce kamar sun taɓa jin mai kama da haka a wani tsibiri. Waɗannan su na fi jin haushi, don Baffa kan kwana uku yana walwala, ya aika saƙo, ya sa a tambayo, sannan ya dawo ya zauna shiru a bayan kanta yana jan carbi.

Rigimarsa da Goggo, yayarsu duka, a kan Umma aka yi ta. Umma ta jira shekarun da shari'a ta yanka wa matar wanda ya ɓace, har ta ɗora. Goggo ce ta kama hannunta ta kai ta gaban alƙali aka raba auren, ta yi takaba, daga baya ta auri wani malamin makaranta. Baffa ya je gida a kan maganar. Waɗanda suka gani sun ce a tsakar gida suka tsaya, Goggo na cewa, "Yarinya ce, ba za ta tsufa tana jiran ruwa ya yi amai ba. Kai ka kira shi, kai ka jira shi." Baffa ya ce, "Kin kashe min ƙani da bakinki." Ya ɗauki jakarsa ya fito, bai ƙara taka Gaya ba, har Goggo ta rasu ba su shirya ba. Ranar da labarin rasuwarta ya zo ya rufe shago, ya yi ta kuka kamar ƙaramin yaro, ya yi sadakar shinkafa a masallaci. Amma ko a ranar bai ce ta yi gaskiya ba. Ni dai na san ta yi gaskiya, kuma ina ganin shi ma ya sani. Maganarta ta ƙarshe ce ta zauna masa a ƙirji, cewa shi ya kira shi.

Da na gama sakandare ya aiko a kawo ni, amma ya rantse ba ta ruwa ba. Ta mota na zo, ta Kamaru, tafiyar da ta kusa raba ni da bayana. Ya tare ni a tasha, ya tsaya yana kallona har na tsargu. Bai ce na yi kama da kowa ba. Ya karɓi jakata ya ce, "Ɗan Auta, ka sha hanya." A ranar, muna cin abinci, na ambaci mahaifina na ce marigayi, yadda na saba ji a gidan kakannina. Baffa ya ajiye lomar da ya ɗauka. "A gidan nan ba ma faɗar haka. Wa ya wanke shi? Wa ya sallace shi? Wa ya nuna maka kabarinsa? Allah ya bayyana shi ake cewa." Na ce Allah ya bayyana shi. Tun ina faɗa don kunyar Baffa har bakina ya saba, har ya kai in wani ya yi kuskure ya ce Allah ya jiƙan mahaifinka, sai in ji kamar ya zage ni. Limamin masallacinmu, mutumin Garwa, shi ma ya san dokar. Duk addu'ar da aka yi a gidan Baffa, ta suna ko ta aure, in ya gama da mamata sai ya ce, "Da ɗan'uwanmu da ke kan hanya, Allah ya iso da shi."

Kada a ɗauka Baffa mutum ne mai sauƙi. Yana da faɗa, yana da riƙo, in ya ƙi abu ya ƙi ke nan. Ya taɓa korar wani baƙo daga ɗakin saboda ya buga ƙusa a bango ya rataye riga ba tare da izinin mai ɗaki ba, mai ɗakin da ba wanda ya taɓa gani. Amma in Bahaushe ya mutu a garin nan ba shi da dangi, Baffa ne kan gaba. Shi zai nemo likkafani, shi zai shiga kabari, in an gama kuma sai ya tsaya ya ƙare wa wurin kallo, ya nemi lambar 'yan'uwan mamacin a gida ya kira su. Ba gaisuwa kawai yake yi ba, kwatance yake yi musu dalla-dalla: daga ƙofa ka bi hagu, kusa da katanga, gefen wata bishiyar kwakwa da ta karkace. Mutanen da ba za su taɓa zuwa Gabon ba, yana ta faɗa musu inda za su bi. Na tambaye shi amfanin haka. Ya ce, "Uwa in ta san inda ɗanta yake kwance, tana iya barci."

Ranar Juma'a kuwa, in an sauko daga masallaci, taksi yake shiga zuwa unguwar Glass, a bakin teku. Akwai wani dakali a bakin ruwa inda yake zama har la'asar, yana kallon jiragen masunta. Ba ya tambayar kowa komai a can, zama kawai yake. Da ƙafa ta fara gazawa sai kai shi da ɗauko shi ya dawo kaina, ga shago, ga yara, ga cunkoson titin bakin teku. Na gaji da wannan Juma'ar, ba zan ɓoye ba. Wata rana muna dawowa, ya tare wani matashi da muka shiga taksi tare, jin yana Hausa, ya fara masa kwatancen nan na dogo, baƙi, mai tabo a gira. Da muka sauka na ce, "Baffa, mutumin da kake kwatantawa fa yanzu na girme shi. In yana raye tsoho ne, ya yi furfura, wataƙila ba haƙori. Wa zai gane shi da wannan kwatancen?" Ya tsaya a bakin kwata yana dogara sanda. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya ce a hankali, "Ni haka na san shi." Muka ƙarasa gida.

Jinyarsa ta yi tsawo. Asibiti suka sallamo mu suka ce a je gida a ci gaba da addu'a, muka kwantar da shi a ɗakinsa, ni da Hajiya muna karɓa-karɓa. A makonnin ƙarshe hankalinsa kan tafi ya dawo. Ana saura kwana kaɗan, da hantsi, na shigo daga kasuwa ruwa ya jiƙe ni sharkaf, riga ta manne a jiki. Hajiya ta faɗi wata magana a kan kamannina, na yi dariya, ashe na kai hannu na dafa ƙeya. Baffa ya buɗe ido. Ya yunƙura zai tashi, abin da ya kwana biyu bai yi ba.

"Auta," in ji shi. "Ka iso?"

Na dubi Hajiya. Ta kafe ni da ido, na gane abin da take roƙo. Na durƙusa a gaban gadon na ce, "Na iso, Yaya."

Ya kama fuskata da hannu biyu, yana shafa girata ta hagu da babban yatsa, yana neman tabon da ba ni da shi. Bai damu da rashinsa ba. "Ruwa ya taɓa ka," ya ce. "Jirgin ne ya yi jinkiri?" Na ce shi ne, Yaya. Ya ce, "Ni na ce ka taho. Ka yafe min." Na ce ba komai, ai ga ni. Ya juya wajen Hajiya da muryarsa ta da, ta mai gida. "Ba ki ga baƙo ba ne? A zubo masa abinci. A gaya wa yaron da ke ɗakin baya ya koma rumfa, mai ɗaki ya zo." Na zauna a gabansa na ci tuwon nan yana kallona, har na cinye, don ya ce ban ci komai ba tun Oron. Daga nan ya koma ya kwanta. Bai ƙara ambaton Auta ba har ya cika, kuma Hajiya ta ce rabon da ta ga ya yi barci irin na kwanakin nan tun tana amarya.

Ranar uku ruwa ya ɗan tsagaita. Aka cika rumfa har bakin titi, aka raba waina da goro, aka yi karatu. Tsohon maƙwabcin ya sake zuwa, yana kan bencinsa daga gefe. Liman ya ɗaga hannu ya yi wa Baffa addu'a mai tsawo, ya haɗa da iyayensa, ya haɗa da Goggo. Ina jin yana matsowa wurin da ya saba. Da ya ce, "Da ɗan'uwanmu da ke kan," sai na ji muryata ta fita.

"Malam, a gafarce ni."

Ya tsaya, hannunsa a sama. Kowa ya juyo.

Na ce, "Mahaifina ba ya kan hanya. A sa shi tare da yayansa."

Liman ya dube ni, ya dubi labulen da Hajiya ke bayansa. Daga ciki muka ji ta ce, "A sa shi, Malam. Wanda yake jiransa ya riga ya tarbe shi." Liman ya gyara zama. Ya tambaye ni sunan mahaifina a hankali, don duk shekarun nan bai taɓa jin an kira shi da suna ba. Na faɗa masa. Ya ambace shi, ya roƙa masa gafara da rahama, ya ce Allah da ya san inda kowane ɗigon ruwa yake ya san inda bawansa yake kwance. Jama'a suka ce amin. Ni ma na buɗe baki na ce Allah ya jiƙansa, kalmar ta fito da ƙyar kamar an ciro ƙaya, na kifa kai a gwiwa.

Na ɗauka an gama. Mutane sun shafa, wasu har sun fara neman takalmansu. Sai dattijon nan Bamaraɗe ya dawo ya durƙusa a gabana, ya miƙo hannu kamar yau ya fara ganina. "Ya haƙuri," in ji shi. "Ashe an yi rashin mahaifi." Na bayansa ya ajiye takalmi ya biyo. Kafin in ankara layi ya sake haɗuwa, mutanen da suka gaishe ni shekaranjiya suna sake gaishe ni ɗaya bayan ɗaya, a kan mutumin da ba wanda ya taɓa gani a cikinsu, wanda dai suka kwana a ɗakinsa. Tsohon maƙwabcin ne na ƙarshe, jikansa na riƙe da shi. Ya dafa kaina ya ce, da 'yar Hausarsa, "Sannu. Babanka biyu."

Da yamma na kira Umma na ce an yi. Ta ce, "To, ya haƙuri." Allah ya jiƙan Baffa, ya jiƙan Auta, ya haɗa su inda ba a cigiya. Ɗakin baya yana nan, da baƙo a ciki ma yanzu, wani yaro daga Zinder. Jiya ya tambaye ni yaushe mai ɗakin zai dawo, don an gaya masa da mai shi. Na ce ya buga ƙusarsa ya rataye rigarsa.